Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malam Kukan Kunne

Daga masu kunnuwa na ƙasar Birnin Gwari zuwa ga Malam Kukan Kunne, gaisuwa gwargwadon abin da ya cancanta.

Malam, a bayanin likitoci, sauti ne da mutum ke ji alhali babu abin da ya yi shi a waje: wani ya ji "wiii" siriri, wani "zuuu" mai kauri. Alama ce ta wata matsala, galibi raunin ji. Wani nazari na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na manyan mutanen duniya sun san shi, saboda haka ba Birnin Gwari kaɗai ya ɗora wa karan tsana ba.

Ƙofofin shigarsa sanannu ne. Ƙarar da ta kai desibel 85, in ana wuni cikinta, tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, kuma ba sa farfaɗowa. Injin niƙa da injin dakan dutse na masu haƙar zinari sukan zarce haka. Bindiga ta haura 140, harbi ɗaya kusa da kunne ya isa. Mutanen Dogon Dawa da Kuyello ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kwinin, asfirin mai yawa da allurar jentamaisin su ma sukan yi masa iso, haka dauɗar kunne. Idan saƙon da kunne ke aikawa ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara wa kanta murya, nan Malam ke samun ɗaki.

Ƙorafi na farko shi ne son shirunsa. A 1953 masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyar kunne a ɗakin da ba sauti. Cikin minti biyar kashi 94 suka ce sun ji wani abu. Wato yana nan a kusan kowane kai, hayaniyar gari ce ke rufa masa asiri. Shi ya sa a kasuwa ba a jin ɗuriyarsa, amma a gonar bakin dajin Kamuku, ko da daddare bayan an ɗauke wuta, sai ya baje kolinsa. A ƙarshen 2021, da gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawan babura aka kuma katse layukan waya, kowa ya yi asara ban da shi.

Ƙorafi na biyu ya fi ɗaure kai. Jijiyoyin wuya da na muƙamuƙi suna haɗuwa da hanyar ji a gindin ƙwaƙwalwa, kuma kusan biyu cikin uku na masu fama da shi kan iya sauya muryarsa da motsin wuya ko cije haƙora. Mai salla ya yi sallama dama, Malam ya sassauta. Ya juya hagu, ya ƙara ƙaimi. Matar da ta sauke damin itace, fasinjan da ya yi kilomita kusan 120 zuwa Kaduna wuyansa a lanƙwashe cikin motar haya, dattijon da ya ƙwallafa rai ga goro da rake: duk taurin wuya da gajiyar muƙamuƙi abincinsa ne. Wannan sauyin kansa ba alamar haɗari ba ce.

Tunda har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana korar sa, ga sharuɗɗan zama. Za a bar rediyo ƙasa-ƙasa da daddare, ba don a danne shi ba, sai don kunne ya sami abokin hira. Da damina kwaɗi da gyare na yin wannan aiki kyauta. Za a rage tudun matashi, a ƙara kaurin gammo, a riƙa miƙe wuya a hankali. Za a toshe kunne a gaban inji, a buɗe shi a wurin shiru. Mai raunin ji zai nemi na'urar ƙara ji. An soke tsinken ashana, gashin kaza da ɗiga man ja. Da daɗewa ƙwaƙwalwa kan daina kula shi, matuƙar ba a tsaya sauraronsa dare da rana ba.

Akwai dai inda lallashi ya ƙare. Idan yana bugawa daidai da zuciya, musamman in ya tsaya da juya kai ko danna gefen wuya, maganar hanyoyin jini ce, a auna hawan jini da ƙarancinsa. Idan ya tare a kunne ɗaya, ko ya zo da jiri, za a kai ƙararsa babban asibitin gari, daga nan Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, ba a jiran ranar kasuwa, domin maganin ya fi kamawa cikin makonni biyu na farko.