Eh, Gidan Tsoho Ne, Sai Me?

Tun da na faɗa muku cewa ina haya a wani tsohon bene a unguwar Zamalek ta Alƙahira, kuka sa ni gaba. Wani Alhaji ya ce kango na kama nake kiransa gidan alfarma. Wata Hajiya daga Kano ta ce in kuɗin sabon gida ne babu, in faɗa a yi mini karo-karo. Na gode, Hajiya, Allah ya bar zumunci. Riƙe kuɗinki, ki ba ni aron kunne.

Ku kuma masu cewa unguwar 'yan ƙwallo na koma, ku matso. Kulob ɗin Zamalek ba ya Zamalek. Yana can Mit Okba, tsallaken ruwa, ta ɓangaren Giza. Wanda hedkwatarsa ke tsibirin nan namu babban abokin hamayyarsa ne, Al Ahly. Ku je ku ci gardama da wannan a teburin mai shayi.

Tsibiri na ce, a tsakiyar Kogin Nilu, cikin Alƙahira. A nan Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina fada domin manyan baƙin bikin buɗe mashigin Suez a 1869, wadda yau ta zama otal ɗin Marriott. Daga baya attajirai da ofisoshin jakadanci suka cika wurin. Mawaƙiya Ummu Kulsum ma a nan ta zauna, sai dai bayan rasuwarta a 1975 an rushe gidan an dasa dogon bene. Masu irin ra'ayinku ne suka yi aikin, na tabbata.

Yanzu ku shigo ciki. Silin ɗin falona, ko Alhaji ya hau kujera ya ɗaga sandarsa ba zai taɓo shi ba. Bango mai kauri, daɓen katako, tagogi masu marfin katako da ake rufewa da hantsi a kulle sanyin safiya a ɗaki. Ana zabga rana a waje, ni fanka ta ishe ni. Ku da kuke auna alfarma da ƙyallin tayil, ku faɗa mini tsakani da Allah: a sabon gidan naku, in maƙwabci ya yi tari, ba ku ce masa sannu ta bango?

Na san za ku tambayi lif. To, akwai shi, akwatin katako ne mai madubi da ƙofar ƙarfe, kuma yana da ra'ayin kansa. In wani ya fita a hawa na biyar bai ja ƙofar da kyau ba, ba zai motsa ba ko Sarki ne ke jira a ƙasa. Sai ka ji maigadi, dattijo daga kudancin Masar da jallabiyarsa, ya ɗaga kai yana kwarara kira a rufe ƙofa. Famfo ma yakan yi gurnani da asuba. Ku yi dariyarku, na yafe.

Mota kuwa, waɗanda suka tsara titunan nan ba su san kowa zai mallaki tasa ba. Layi biyu ake jerawa, ka bar taka ba giya ba birkin hannu, domin mai kula da layin ya tura ta gaba ko baya in na ciki zai fita. Alhaji, wannan jif ɗin da kake goge wa ƙura da hannun riga, ka bar ta a gida.

Abin da zai fi ci muku rai shi ne maƙwabciyata, wata tsohuwa. Falonta ya fi nawa, tana kallon ruwa, amma hayarta ta shekara da shekaru ba ta kai kuɗin cefanen yini ba, saboda tsohuwar dokar haya da ta daskarar da farashi. A 2025 aka yi sabuwar doka, aka ƙara kuɗin, aka ba irinta shekara 7 kafin yarjejeniyar ta ƙare. Mai gidan har ya fara lissafi, ita ko ta ce ta binne masu gida biyu.

Hajiya, in kin zo Alƙahira ganin likita, ki biyo mu sha shayi. Ki dai ja ƙofar lif ɗin da kyau.