Dawaki 300 a Lungun Surukai

Golf ce motata, kuma a ƙasar Hausa wannan kaɗai ya isa a raina mutum. Ka tsaya bakin titi kana amsa waya, sai ka ji an buɗe ƙofar baya ana tambayarka saura mutum nawa a tashi Katsina. Alhali tawa ba 'yar haya ba ce. GTI ce, samfuri na biyar da Volkswagen ya fara fitarwa a 2004, inji mai lita 2 da turbo, ƙarfin doki 200. Kakarta ta 1976 doki 110 gare ta, kuma da su ta yi suna a Turai. To amma wa zai tsaya ya ji wannan tarihi a Kano? Suna ganin tambarin, sun gama yanke hukunci.

A wannan hali aka haɗa ni da wani matashi da kowa ke kira Injiniya. Ba ya shiga ƙarƙashin mota, ba ya taɓa baƙin mai. Kwamfuta yake jonawa a ƙasan sitiyari, ya yi shiru yana kaɗa kai. Da ya gama kaɗa kan a kan tawa, sai ya ce, "Oga, Jamusawa tsoro gare su. Ɗaure injin nan suka yi. Ka ba ni dama in kwance shi."

Bayaninsa ya shige ni, don gaskiya ne. Turbo iska yake dannawa cikin inji, kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙayyade yawan iskar da man da za a haɗa mata. A sauya lissafin, ƙarfi ya ƙaru. Abin da bai faɗa mini ba shi ne kowane ƙari da ɗan rakiyarsa yake zuwa. Aka sauya lissafi, kuloci ya fara zamewa, don ba a yi shi domin wannan nauyi ba. Aka sa kulocin tsere. Injiniya ya ce tunda an riga an sauke giya, asara ce a mayar ba a sa fulawil mara nauyi ba. Daga nan ya ce ƙaramin turbon ya kai iyakarsa, sai an sa babba, K04, irin na cikin Audi S3. Babban turbo ya nemi famfon mai mai ƙarfi. Aka cire indomi mai tace hayaƙi, aka sa salansa mai faɗin da ɗan akuya zai iya kwana a ciki. A ƙarshe aka sauke motar ƙasa, wai don ta kama hanya. Na yi ta zarya Ƙofar Ruwa har masu shago suka fara yi mini tayin kujera.

Ranar da ya miƙo mini makulli ya ce yanzu ta kai doki 300, ya kuma yi mini gyara: ya saita ta yadda in na ɗaga ƙafa daga totur, ragowar mai zai ƙone cikin salansa ya yi ƙara. Kyauta ce, bai karɓi ko sisi a kanta ba. Allah Ya saka masa da abin da ya dace.

Ba zan yi wa motar ƙarya ba. Bayan sallar asuba, iska da sanyi, titin Zariya babu kowa, wata halitta ce daban. Dokar babbar hanya kilomita 100 ce a awa, don haka ba zan rubuta abin da allura ta nuna ba.

Sai dai ni ba a titin Zariya da asuba nake rayuwa ba. A Kano nake, inda rabin tuƙi a giya ta ɗaya da ta biyu ake yinsa. Motar asali tana ba da cikakken ƙarfin ja tun inji na juyi 1,800 a minti, wato daidai inda mai shiga gari yake zaune. Babban turbo kuwa nauyin tashi gare shi, sai allura ta haura 3,000 yake farkawa. Ƙasa da haka motar raguwa ce, sama da haka mahaukaciya. Kulocin tsere bai san sannu-sannu ba, ko ya kama ko ya saki. Fulawil mara nauyi kuma ba ya riƙe juyin inji, ka yi ɗan sakaci mota ta mutu. Ga mai: lissafin da aka loda mata don fetur mai daraja 98 aka yi shi a Turai, mu kuwa fetur iri ɗaya ne a kowane gidan mai, ka sha ko ka bari. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ma, kallon allurar mai ya zama ibada mai zaman kanta.

Ana haka maganar auren ƙanina ta taso, aka sa ranar kai kuɗi a cikin birni. Motar Baffa na gareji. Aka ce ai yayan ango na da mota. Watan Afrilu ne, bayan azahar, zafi ya haura digiri 40. Baffa ya zauna gaba da babbar rigarsa mai aska takwas, Kawu da limamin unguwa a baya, but cike da huhun goro da katan-katan na alawa. Ina jin motar ta ƙara durƙusawa.

Ba mu kai Ƙofar Nasarawa ba muka faɗa gosulo. Ƙafata ta hagu ta fara rawa a kan kuloci. Mota ta mutu, na tayar. Ta sake mutuwa. Wani ɗan a-daidaita-sahu ya ratsa ta gefenmu da fasinja har gaba, ya leƙo ya ce, "Direba, in ba lafiya a tura!" Allurar zafi ta fara ɗagawa, don a tsaye iskar da ke ratsa lagireto ba ta da yawa, dole na kashe iyakwandishan.

Kawu ya share gumi ya ce, "Kai ɗan nan, ba kai ne aka ce ka kashe kuɗi motarka ta zama doki ɗari uku ba?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"To ko Hawan Daushe ban taɓa ganin an tara dawaki haka a wuri ɗaya suna tsaye ba. Ka saki guda biyu su kai mu mana."

Liman ya yi dariya har da tari. Wannan dariyar ce ta jawo komai, kuma har gobe a kanta nake ɗora alhaki. Hanya na buɗewa na taka totur. Ba abin da ya faru. Na ƙara takawa. Sai turbo ya farka. Tayoyin gaba, waɗanda su ne masu ja kuma su ne masu juya mota, suka yi ƙara a kan kwalta, sitiyari ya fizge zuwa dama. Hular Baffa ta tashi ta sauka a cinyar Kawu. Liman ya kama salati da ƙarfi. Na ɗaga ƙafa da sauri, kyautar Injiniya ta amsa: tau! tau! tatatau!

Ban taɓa ganin titi ya dare da sauri haka ba. Mai rake ya bar baronsa. Wani mai babur ya jefar da shi ya tsallake kwata. Kawu, wanda ke fama da ciwon gwiwa tun ina yaro, na waiga na tarar ya dunƙule tsaf a bayan kujerata. Baffa bai ce uffan ba. Hannu kawai ya miƙa baya, aka ba shi hularsa, ya sa ta a karkace, ya ci gaba da kallon gaba. Wanda ya san Baffa ya san gara ya yi faɗa.

Muka shiga unguwa, muka tarar da tudun rage gudu, irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da kansu da siminti da fushi. Na gwada ta gefe, cikin motar ya gurza. Ba yadda na iya, na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, sai kun ɗan sauka." Dattawa uku suka fito da manyan riguna suka tsaya a rana, na haye, suka koma. Gaba kaɗan ga wani tudun. A na uku Liman ya ce shi dai zai taka, ai tafiya sunna ce.

Lungun surukan kwata ce ta ratsa bakinsa. Nan motar ta zauna a kan cikinta, tayoyi na juyi a banza, salansa na ta harbi. Gidan da muka zo neman aure suka rufo ƙofa har da sakata. Sai da Liman ya isa a ƙasa ya yi ta sallama da sunan Allah kafin aka buɗe. Samarin gidan ne suka fito suka ɗaga dawakina 300 da hannu, suka ajiye gefe.

A zaure, bayan gaisuwa, waliyyin yarinya ya dube ni ya dubi Baffa, ya ce, "Alhaji, ba dai wannan ne yaron ba?"

Baffa ya ce, "A'a, wansa ne. Shi namu lafiyarsa ƙalau."

An ba mu mata, alhamdulillahi, da sharaɗi ɗaya da aka faɗa cikin raha amma aka maimaita sau biyu: ran ɗaukar amarya kada motar nan ta shigo unguwar. Da aka tashi, dattawa suka tari a-daidaita-sahu. Ni na koma gida ni kaɗai, kuma a hanya ƙwaƙwalwar motar ta gaji da zafi da fetur ɗinmu, ta kunna fitila ta rage ƙarfi don kare inji. Wani mai kurar ruwa muka yi ta jerawa da shi.

Wani tsohon bakanike da ya yi shekaru yana gyaran motocin Jamus ne ya karɓe ta. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Alhaji, wannan an yi ta ne don hanyar da ba mu da ita, da man da ba mu sayarwa, da sanyin da ba mu samu." Ya mayar da ƙaramin turbo da fulawil na asali, ya sa kuloci mai ɗan ƙarfi amma mai jin magana, ya ɗaga ta, ya rufe bakin salansa. Aka sassauta lissafin ya dace da fetur ɗinmu. Injiniya ya duba kwamfutarsa ya ce da ƙyar in ta wuce doki 230, ya faɗa da muryar ta'aziyya. Daga gida zuwa ofis kuwa yanzu na fi saurin isa, iyakwandishan na aiki, ƙafata ta daina rawa.

Babban turbon yana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, bai yi wani aiki ba, kuma zan yi ragi. Mai so ya zo da kuɗinsa, amma ya fara tabbatarwa ba shi da ƙanin da ke neman aure a cikin birni.