Yadda Za Ka Jawo Bayanai Daga API Da Spark Ba Tare Da Jininka Ya Hau Ba

Ba zan tsaya koya maka girka Spark ba. Tunda kana karanta wannan, ka riga ka girka, ka kuma riga ka yi ido biyu da lamba 429 da tsakar dare. Sannu ɗan'uwa, mu je.

1. Ka sani Spark ba shi da kunya. Tun da Matei Zaharia ya faro shi a jami'ar California da ke Berkeley a 2009, aƙidarsa ɗaya ce: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ka ba shi layi miliyan ɗaya, ka rubuta ɗan UDF mai tambayar sabar mutane a kan kowane layi, sai ya yanyanka aikin ya saki duk injinanka a kanta lokaci guda, kamar an tara 'yan gayya a bakin rijiya mai guga ɗaya. Sabar ta ce 429, wato kun ishe ni. Sau da yawa har tana haɗowa da Retry-After, tana gaya maka daƙiƙa nawa za ka jira. Spark ba ya karanta wannan wasiƙa. Kason da ya faɗi, sai ya sake shi tun daga layin farko, har da tambayoyin da aka riga aka amsa, har ya faɗi sau huɗu, sannan ya zubar da aikin gaba ɗaya ya bar maka jan rubutu mai tsawon zangon raƙumi.

2. Kada ka yi murna da wuri. Spark malalaci ne, kuma masu shi suna alfahari da hakan: ba ya motsi sai ka nemi sakamako. Ka kira show, ya nuna maka layi 20 tsaf-tsaf. Ka kira count, ya gama kafin ka ajiye kofin shayi, ka aika wa oga saƙo cewa an ci nasara. To malam, ƙirga layi ba ya buƙatar amsar API, don haka mai yiwuwa ko sallama bai yi wa sabar ba. Ranar da ka ce ya rubuta sakamako, ranar za ka san Spark. In kuma ka tace bayanai da amsar UDF ɗin nan, yana iya tambaya sau biyu a kan layi ɗaya, don ya ɗauka amsar ba ta canzawa kuma kyauta ce. Maganinsa asNondeterministic. Kuɗin tambayoyin da suka riga suka tafi kuwa, da dala za a cire.

3. Shafuka. Bari in gyara zama. Wane ne ya fara tunanin a ɓoye adireshin shafi na biyu a cikin shafi na farko, na uku a cikin na biyu? Ka yi hayar injina tuli, ana caje ka duk awa, amma ɗaya ne kawai ke rarrafe shafi bayan shafi, sauran sun zuba tagumi. Wannan ma da sauƙi. Takardar bayanin sabar da na yi fama da ita kwanan nan ta rantse cewa gurbin farashi lamba ce. Lamba ce a shafi na ɗaya, lamba ce a na ɗari. Can cikin dare sai ga "N/A". In ka bar Spark ya yi hasashen tsarin JSON da kansa, sai ya mai da gurbin duka rubutu, lissafinka ya watse. In ka ba shi tsari da hannunka, sai ya cika maka wurin da null, ya jefa layin cikin _corrupt_record, in ka tuna ka tanadi gurbin ke nan. Ka rubuta wa masu sabar, su amsa bayan mako cewa haka aka tsara. Aka tsara! Wa ya tsara? Shi da ya tsara ya taɓa gwadawa kuwa? Wallahi ban yi zato ba.

4. Tokin shiga yakan mutu bayan awa ɗaya. Aikinka na awa uku ne. Za ku gaisa da 401.

5. Yi amfani da mapPartitions, ka buɗe haɗi ɗaya a kowane kaso maimakon kowane layi. Ka buɗe shi a can ciki, don in ka buɗe a wajen direba, Spark zai ce ba ya iya naɗe shi ya aika.

6. Sa cache.

Na bakwai ne ko na takwas, oho. Kada ka kira collect a kan abin da ya fi ƙarfin direba. Ka yi addu'a.

Sauran shawarwarin na fasa. Abin da ke aiki shi ne ɗan kod na Python a kan inji ɗaya, mai tambaya a hankali, ya ɗan yi barci in an ce ya jira, ya ajiye kowane shafi a faifai, ya rubuta inda ya tsaya. Bayan ya gama, sai Spark ya zo ya karanta fayilolin, aikin da dama don shi aka yi shi. Na kai wa oga wannan a taron safe. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya tambaye ni ko in aka ninka injinan abin zai fi sauri.