Wanzamin Kare

A Ingila kare ma yana da wanzaminsa. Har gashin tsakanin yatsun ƙafa sai an bi da ɗan almakashi marar tsini, gogan naka yana tsaye bisa tebur, an ɗaga masa ƙafa sai ka ce amarya za a sa wa lalle. Kafin ka yi dariya, akwai dalili. Gashin nan in ya yi tsawo, dusar ƙanƙara ce ke dunƙulewa a ciki, a ɗaki kuma santsin daɓe ya kwashe karen. Masu zuwa gasar karnuka ta Crufts kuwa, wadda aka fara a 1891, tsabar ado ne. Wani maigidan gemunsa buzu-buzu, amma ƙafar karensa tsaf.