Keke Na Nan, Abin Kunne Ake Jira

Ina da wata baiwa da ban taɓa rubutawa a takardar neman aiki ba: na iya shirin yin abu har lokacin yin sa ya wuce. Ba na cewa ba zan yi ba, wannan ai halin ragwaye ne, ni kuwa ba na cikinsu. Cewa nake yi saura abu ɗaya tak, da zarar ya samu za a ga aiki. Da wannan dabara na tsira daga koyon Faransanci, na tsira daga noman tumatir a bayan gida, kuma da ita na daɗe ina kare kaina daga wani keken motsa jiki da ke tsaye a kusurwar falona, irin wanda za ka tuƙa har numfashi ya ƙare ba ka kai ko ƙofar gida ba.

Likita ne ya jawo. Ya duba awon jinina, ya dubi tumbina, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ni nawa nake yi? Na ce ai kullum ina hawa benen ofis. Ya ce benen hawa nawa ne? Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya ci gaba da rubutu. Tuƙa keke a titin Kano, tsakanin 'yan adaidaita sahu da ƙurar hunturu, neman wata cutar ce daban, don haka na sayo na ɗaka, ɗan Kwatano, aka shigo da shi yara suna tafi.

Ranar da na fara hawa na gano abin da mai sayarwa bai faɗa ba. Tuƙa keke kana kallon bango abu ne mai gundura. Na karance kalandar da ke rataye har da sunan maɗaba'ar da ta buga ta, na duba agogo, na ga ko minti biyar ba a yi ba. Cinyoyina suna zafi, ƙirjina yana bugawa, amma ni da na zauna na yi nazari sai na yanke hukuncin cewa matsalar a kunne take. Da akwai abin saurare, da na tuƙa har Zariya.

Na fara da iyafis mai waya, wanda ya zo a kwalin wayata. Ya yi aiki har zuwa lokacin da ƙarfin hali ya ɗebe ni na miƙe tsaye a kan feda. Wayar ta sarƙe a ƙahon keken, ta fizgo salular daga aljihuna, ta buga ta da tayil. Kuɗin canza gilashin ya isa ya sayi buhun shinkafa ƙarami. Na ce to, ba za a sake hawa ba sai an samu marar waya. Lura da kyau, wannan ba ragwanci ba ne, taka-tsantsan ne.

Sai na sayo babban hedifon mai Bluetooth, mai soso da ke rufe kunne ruf. Na sa shi na dubi madubi, na ga kaina kamar matuƙin jirgin sama. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mai keke a titi iska tana busar masa da gumi yana tafiya, na ɗaka kuwa babu iskar da ke zuwa masa, gumin a jikinsa yake zama. Ga shi watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Soson nan ya riƙa shan gumi yana ajiyewa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, don haka ni ban ji komai ba, sai da ƙaramar 'yata ta ɗauke shi da yatsu biyu ta ce, "Baba, wannan abin ya mutu ne?" Daga baya ledar da ke rufe soson ta fara saɓulewa. Wata rana bayan sallar La'asar maƙwabcina ya matso, cikin ladabi ya ce, "Malam, wani baƙin abu ne a kunnenka," ya sa hannu ya ciro min ɓawon hedifon a gaban sahu guda.

Daga nan na shiga zangon da na fi jin daɗinsa duka, zangon bincike. A kwance ake yin sa, da salula a hannu, kuma mutum yana tashi da jin cewa ya yi wani abu game da lafiyarsa. Na koyi cewa haruffan IP da ake rubutawa a jikin kwali ma'auni ne na ƙasa da ƙasa. Lamba ta farko tana nuna yadda abu ke jure ƙura, 6 ce ƙololuwa. Ta biyu ta ruwa ce. In ka ga X a gurbin lamba, ba a bayar da awon wannan ɓangaren ba ke nan. IPX4 yana jure fantsamar ruwa ta kowace fuska, IPX7 kuwa ana iya tsoma shi a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 ya fito da ransa. Na kuma koyi cewa da ruwa mai tsabta ake gwajin, gumi kuwa gishiri gare shi, shi ke cinye 'yan ƙarafan da caji ke shiga ta cikinsu, shi ya sa ake goge abin a bar shi ya bushe kafin a mayar da shi gidansa. Duk wannan na zazzage wa 'yan majalisarmu ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Har wani ya fara kirana Injiniya, na kuma amsa.

Da wannan ilimi na shiga kasuwar waya. Yaron shagon ya saurari laccata har ƙarshe, ya ɗauko wasu 'yan ƙanana farare masu sheƙi ya ce, "Alhaji, wannan ko rijiya ka jefa shi ba abin da zai same shi. Irin na manya ne." Na juya kwalin gaba da baya, babu IP, babu lamba, babu ma sunan da zan iya furtawa. Na biya. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma yadda ya ce Alhajin nan ya shige ni.

Sun yi daɗin sauti, sai dai da gumi ya fara gangarowa sai su fara zamewa. Tuƙi ya koma hannu ɗaya a ƙaho, ɗaya a kunne yana turawa. In aka ɗauke wuta kuma maƙwabci ya tayar da janareta, sai in ƙure ƙarar don in rinjaye shi, in sauko kunnena yana ƙugi. Hukumar nan dai ta Lafiya ta ce ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba ana iya jin ta awa 40 a mako, in ta kai 90 kuwa lokacin ya dawo awa 4. Wato na hau keke don in gyara zuciya, ina neman in sauko da kurumta. Ƙarshen na hagun shi ne ya faɗo daidai ƙarƙashin feda. Sai da nake zubar da kwalin na ga 'yan robobi ƙanana da manya a wata leda, waɗanda ake canzawa don abin ya zauna daidai ramin kunnen mutum. Injiniya bai buɗe ledar ba.

Na gaba shi ne mai kashe hayaniya, kuma gaskiya wannan fasaha ta burge ni. Akwai ɗan makirufo a jikinsa da ke sauraren ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta, su haɗu su kashe juna. Ya fi cin ƙarar da ba ta canzawa, irin ta janareta da fanka. Na sa shi, duniya ta yi tsit, ba ni da bukatar ƙure ƙara. Na kunna Shata, kalangu ya ɗauka, ƙafafuna suka bi kiɗan da kansu. Wannan ne karo na farko da na ji daɗin keken har na lumshe ido. Mutumin da ba ya jin muryarsa kuwa bai san yana ɗaga ta ba. Ashe amshi nake yi da iya ƙarfina.

Da na buɗe ido sai ga surukina tsaye a tsakiyar falo, da babbar riga da carbi, uwargida a bayansa ta toshe baki da mayafi. Sun yi sallama har sun gaji. Ni kuwa daga ni sai singileti da gajeren wando, jiƙe sharkaf. Na yi yunƙurin saukowa in durƙusa, ƙafata ta maƙale a madaurin feda. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ku bar shi ya ƙarasa. Da alama tafiyar da nisa." Har yau in mun haɗu, bayan gaisuwa sai ya tambaye ni ya hanya.

Wani abokin aikina da ya ji labarin, bayan ya gama share hawaye, ya ara min nasa, irin wanda ba ya shiga kunne sam. A kan ƙashin da ke gaban kunne yake zama, yana tura sautin ta ƙashi zuwa can ciki, ramin kunne kuma a buɗe. Kamfanin Shokz ne ya yi suna da irinsu. Za ka ji sallama, ka ji kiran salla, ka ji an ce abinci ya sauka. Za ka kuma ji janareta da rigimar yara, kuma kalangu yana fitowa siriri, ba nauyi, ya fi dacewa da labarai ko karatu. Duk da haka, ga mai surukai a gari, ban ga wanda ya kai shi ba. Na tambayi kuɗinsa, na mayar masa da kayansa, na ce sai dala ta sauko. Wannan uzuri ya fi duk na baya inganci, don babu wanda zai iya cewa ga ranar ƙarewarsa.

Keken ya samu sabon aiki. Ƙahon dama na hula ne, na hagu na tawul, sirdin kuma na darduma. Sai wata safiya na lura an sauke sirdin ƙasa, kuma ɗan allon da ke ƙirga tafiya yana nuna kilomitocin da na tabbata ba ƙafata ce ta yi su ba. Ashe uwargida ce ke hawa bayan sallar Asuba, ina barcin komawa. Abin saurarenta tsohuwar rediyon kicin ce, ta ɗora ta a kan taga tana jin BBC Hausa. Na fara yi mata bayanin cewa sautin rediyo ba shi da inganci. Ta jawo durowar da na tara gawarwakin kayan kunnena, ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Baban Abba, in ba ƙira, me ya ci gawayi?"

Da na kai ƙara majalisa ban samu mai goyon bayana ba, amma ban samu mai ƙarfin bakin yi min dariya sosai ba. Ɗaya yana jiran kwamfuta mai kyau ya fara rubuta littafinsa tun zamanin da muke da gashi. Ɗaya zai koma hadda da zarar ya samu Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Wani ya sayi takalmin gudu har kala biyu, yana zuwa ɗaurin aure da su. Sayen kayan aiki yana da ɗanɗanon fara aikin, ga shi ba ya sa haki, kuma ina zargin 'yan kasuwa sun riga mu sanin haka.

Yanzu dai na sayi wani mai sauƙin kuɗi, mai ƙugiya da ke zagaye bayan kunne, an rubuta IPX4 ɓaro-ɓaro a kwalinsa, na kuma gwada robobin har na samu daidai ni. Ba ya zamewa, ba ya wari, in na sa ɗaya na bar ɗaya ina jin sallama. Ba ni da abin da zan ce game da shi, kuma na nema. Na hau, na tuƙa, gumi ya cika min ido, sai na fahimci cewa mutum ba zai yi wannan aiki babu fanka a gabansa ba. Akwai mai caji, akwai mai sola, akwai inci 16 da inci 18, kuma an ce ƙarfin batirinsu ba ɗaya ba ne. Na fara dubawa.