Ire-iren Masu Hannun Jari Idan Kasuwa Ta Rikice

Kasuwar hannun jari ba ta tafiya a miƙe; takan hau, ta sauka, ta sake hawa. A Najeriya, ma'aunin farashi na kasuwar Legas ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, sannan ya rikito zuwa wajen 20,000 cikin shekara guda. Bai sake taka wancan matsayi ba sai a Agustan 2023, kuma a Janairun 2024 ya zarce 100,000. A irin wannan hawa da sauka ne halin masu zuba jari ke fitowa fili, kuma ana iya kasa su gida bakwai.

Na farko shi ne Ɗan Firgita. Waya ba ta barin hannunsa. Yana sallame sallah, kafin ya shafa addu'a ya leƙa farashi. In ya ga kore, alamar hawa, ya yo wa gida tsarabar tsire. In ya ga ja, tuwon dare ya gagare shi, har uwargida ta tambaya ko rasuwa aka yi. Yakan daure har farashi ya kai ƙasa, ranar ce zai kira dillalinsa ya ce, "Sayar da komai, ko nawa aka taya!" Kasuwa na farfaɗowa, shi ya riga ya mai da asarar takarda ta aljihu.

Na biyu Ɗan An-ce. Bai taɓa buɗe rahoton shekara na wani kamfani ba, iliminsa duk daga teburin mai shayi yake. An ce wane ya gina gida da hannun jarin banki, an ce wane ya biya wa tsohuwarsa Makka. Irinsa ne suka cika layi lokacin da bankuna ke tallar hannun jari, bayan Babban Banki a zamanin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarinsu zuwa naira biliyan 25 a 2004. Kafin labari ya iso majalisarsa, kaya sun riga sun yi tsada, masu wayo sun fara tattara nasu.

Na uku Mai Jarin Aro. Gabanin 2008 bankuna sun riƙa ba da rance don sayen hannun jari, su riƙe shi jingina. Da farashi ya faɗi, jingina ta narke, bashi kuwa yana nan daram da kuɗin ruwansa. Tarin irin wannan bashi na cikin dalilan da suka sa gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009, aka kuma kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen ruɓaɓɓun basussuka. Mai Jarin Aro ko ya so yin haƙuri, mai bin sa bashi ba zai yi ba.

Na huɗu Malamin Duba. Kwamfutarsa cike take da zane-zanen hawa da sauka, kuma ya san ranar da kasuwa za ta faɗi, sai dai ba ya sanarwa sai ta faɗi. Kalmarsa ɗaya ce: "Ai dama na faɗa." Yana jiran farashi ya kai ƙarshen araha kafin ya saya, kuɗinsa na kwance a asusu, hauhawar farashin kaya, wadda ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, tana gaigayar su.

Na biyar Sarkin Gaggawa. Ribar da ake rabawa shekara-shekara ta yi masa nawa, sai ya kwashe jarinsa ya kai wa MMM, mai alkawarin kashi 30 a wata, wadda ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma shi da an buɗe sabuwa, yana sahun gaba.

Na shida Mantau. Ba ya sayarwa, don ya manta ya saya. Takardar shaidar hannun jarinsa na ƙasan akwati tare da tsohon fasfo, ya canza gida bai canza adireshi ba, bai kuma yi rajistar karɓar riba ta asusun banki ba. Sai ranar rabon gado magada ke gano ta. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce a 2023 ribar da ba a karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190.

Na bakwai Mahaƙurci, kuma shi ne mafi ƙarancin labari a majalisa. Kuɗin da ba na cefane ba ne yake zubawa, kaɗan-kaɗan, a kamfanoni daban-daban: siminti, sadarwa, abinci. In yana gudun kuɗin ruwa, yakan duba jerin kamfanonin ma'aunin Lotus na Musulunci ko takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Ribar da ya karɓa yakan mayar da ita jari, kuma yana karanta rahoton kamfani, domin wasu bankunan da suka durƙushe sun tafi da jarin masu haƙuri da marasa shi baki ɗaya. Ya kuma san darajar naira ta zube ƙwarai tun 2008, don haka ba ya ruɗuwa da yawan lambobi.

Mutum ɗaya kan zama uku daga cikin waɗannan a mako guda. Wanda ke kai labari dai shi ne mai jarin kansa, da ya rarraba shi, ya kuma jira da idonsa a buɗe.