Zancen Yis a New Bell

Matan da ke kwaɓa fanke da asuba a unguwar Hausawa ta New Bell, a Duwala, sun san yis da aiki ɗaya: ya kumbura ƙullu kafin mai ya yi zafi. Ashe shi ma yana zuwa zance.

Ƙwayar yis ba ta da ƙafa, ba ta kuma iya iyo. Jinsi biyu ne, masana suka raɗa musu “a” da “alfa”, kowanne na fesa turarensa. Da zarar ƙwaya ta ji ƙamshin ɗaya ɓangaren, sai ta dakatar da haihuwa, ta tara wani sinadari mai suna Cdc42 a gefen da ƙamshin ya fi ƙarfi, ta miƙo tsini ta nan har su haɗe.

Kuma akwai zaɓe. A 1990 masana Jackson da Hartwell suka nuna a Amurka cewa wanda ya fi fesa turare shi ake bi. Amma in turaren ya cika wuri ko'ina, lissafi ya rikice, sai a auri duk wanda ke kusa. Samarin unguwar Nkololoun masu wanka da kwalbar turare guda ranar Sallah ba su ji wannan ɓangaren ba.

Yis ɗin leda da ake saye a kanti kuwa, galibinsa ya riga ya haɗe tun tuni, turare ba ya ɗaga masa hankali. Sukari kawai yake ci yana fitar da iska.